Makullin Bas ɗin Baba Afuwa

Idan ana maganar iya ba da haƙuri, ba a taɓa yin kamar Baba Afuwa a unguwarsu ba, ba na kuma jin za a sake. Mutum ne da zai taka maka ƙafa, kafin ka ce wayyo ya riga ya durƙusa, ya kama ƙafar, ya zagi kansa zagin da kai ba za ka iya yi masa ba, har a ƙarshe ka tsinci kanka kai ne kake lallashinsa. "Afuwa, afuwa, ni ne mai laifi," ita ce kalmar bakinsa, daga nan kuma sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Hawaye kuwa ba ya nemansu, suna nan kusa kamar ruwan famfo.

Maraya ne, a hannun ƙanin babansa ya tashi, mutum mai saurin hannu. Tun yana ƙarami ya gano cewa in ya riga bulala kuka, bulalar ba ta sauka da ƙarfi. Da ya girma ya shiga karen mota, daga nan ya kama sitiyari, ya yi shekaru yana jan tirela gari zuwa gari. A nan dai a ba shi haƙƙinsa: direba ne na gaske. Bai taɓa kifar da mota ba, bai taɓa ɗaukar ran kowa ba, kuma in ya sha kwana da doguwar mota sai ka ga direbobi sun tsaya suna kallo. Da tirelar ma ya samu mata. Ya watsa wa wata yarinya ruwan kwata tana hanyar zuwa koyon waƙa a coci, ya tsayar da mota a tsakiyar titi ya sauko ba da haƙuri, washegari ya je gidansu ya ba babanta haƙuri, jibi ya koma ya ba mamarta. Kafin a gama yafe masa an sa ranar aure.

Matar nan shiru-shiru ce, irin wadda za ta wuni a ɗaki da keken ɗinkinta ba ka ji tarinta ba. Ita ce ta fi kowa sanin mijinta, kuma tun a shekarar farko ta lura da wani abu da ba ta faɗa wa kowa ba: in ya gama ba da haƙuri, laifin yana nan zaune inda ya bar shi. Zai bar ƙofa a buɗe awaki su cinye mata shuka, ya yi kuka, ya ce shi ba mutum ba ne, gobe kuma ƙofar a buɗe. To amma wa ya taɓa mutuwa saboda ƙofa? Ga shi da kirki, ga ban dariya, ba ya duka, ba ya zagi. Ta haɗiye abinta, suka haifi 'ya'ya, suka aurar, kowa ya kama gabansa.

Da ƙarfi ya fara ja baya ya ajiye tirela. A daidai lokacin makarantar firamare ta cocinsu ta sayi bas ta ɗaukar yara, dattawan coci kuwa ba su ma yi dogon zama ba, suka ce ai ga Baba Afuwa. Kai, ya so aikin nan! Kullum da sassafe zai wanke bas ɗin da kansa, ya goge gilashi da tsohuwar singileti, ya duba mai da ruwa, ya bubbuga tayoyi da ƙafa. Makullin yana ɗaure da igiya a hancin wandonsa, ko wanka zai shiga sai ya rataye shi a ƙusa inda hannunsa zai kai. Yara suna hawa suna "Baba, ina kwana," yana amsa wa kowa da sunan tsokanar da ya laƙaba masa.

Abin ya fara ne da shayi. Wata safiya matarsa ta ga ya ɗauki buta yana tsiyaya shayi a gefen kofi, a kan tebur, hankalinsa kwance. Bayan kwana biyu ya gaida rigar da ke rataye a bayan ƙofa. Sai kuma ya ɗauki wata ɗabi'a ta karkata kai in zai dubi mutum, kamar kaza tana duban tsaba. Da ƙyar ta ja shi asibiti lokacin hutu. Likitan ya ɗiga masa magani, ya haska, ya sake haskawa, sannan ya aje fitilarsa ya yi musu bayani dalla-dalla. Ciwon suga ya ci tsakiyar ganinsa. Gefe da gefe yana gani, amma abin da ke gabansa sak ya zama kamar an shafa toka a gilashi, kuma tokar ƙaruwa za ta yi ta yi.

"Baba, kai da sitiyari kun yi sallama," in ji likitan.

Baba Afuwa ya kama hannun likita ya fashe da kuka. Ya ce laifinsa ne, an hana shi zaƙi bai hanu ba, shi ya kashe idonsa da hannunsa, a yafe masa ɓata lokacin da ya yi. Likita har ya taso ya raka su bakin ƙofa yana dafa masa kafaɗa. Ranar da aka koma makaranta kuwa, gari na wayewa matarsa ta ji ƙarar bokiti a waje. Ta fito ta tarar da shi yana goge gilashi.

"Maigida, ina za ka?"

"Yau kaɗai, Uwargida. Ba za a wayi gari yaran mutane su yi ta tsayuwa a bakin titi ba. Ina sauke su zan shiga ofis in faɗa wa Shugabar makaranta komai."

Bai shiga ba. Da ya dawo ya durƙusa a gaban keken ɗinkinta ya ce tsoro ne ya kama shi, shi matsoraci ne, ya yi zunubi ga Allah da ita, gobe tun kafin ƙararrawa zai ajiye makullin a kan teburin Shugaba. Goben ta zo ta wuce, makullin yana hancin wando.

A nan ne ita ma ta yi nata, kuma gara a faɗe shi ƙarara. Matar da ke kula da yara a cikin bas ta tafi haihuwa, sai matar Baba Afuwa ta rufe keken ɗinkinta da zane ta je ta nemi aikin. Ta gaya wa kanta yara za ta je karewa. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce, domin asirin mijinta ta je rufewa, ta kuma sani. Aka ba ta kujerar gaba, kusa da direba, ta zama idonsa.

Yadda suke yi kuwa abin mamaki ne. Ba za ta ce masa taka birki ba, ai malamai da yara za su ji. Sai ta mayar da hanya gaba ɗaya hira. "Ikon Allah, dubi wannan mai keke da ya ɗauko katako, yana tafe a gabanmu kamar titin ubansa ne!" Sai Baba ya rage gudu. "Oh, yau ma danjar nan ja ce, ba ta gajiya?" Sai ya tsaya. "Wannan babbar motar da ta lalace a hannun dama, ko yaushe za su janye ta?" Sai ya kauce hagu. Tun daga ƙofar gida har ƙofar makaranta bakinta ba ya rufuwa, babu rami, babu kare, babu mai tura baro da zai wuce ba ta yi gulmarsa ba. Matar da a da sai an roƙe ta take magana, yara suka sa mata suna Mama Rediyo. Malamai suna dariya suna cewa Baba ya yi haƙuri da ya zauna da ita shekara da shekaru. Tana taya su dariyar, da yamma kuma ta koma gida da ciwon kai, cinyarta duk shatin farcenta.

Duk da haka bakin mutum ba ido ba ne. Ya goga gefen bas a ginshiƙin ƙofar makaranta, ya shiga ofis ya durƙusa ya ce gaggawa ce, shaiɗan ne ya sa shi sauri. Shugaba ta ce haba Baba, tashi, fenti ne kawai. Ya ture baron mai sayar da lemo, lemo ya watse a kwalta, ya sauko yana tsinta yana kuka yana cewa fushi ne ya rufe shi tun daga gida, har mai lemon ya ƙara masa da kyauta. Ya taka karen wani maƙwabci, ya haƙa rami da kansa ya binne shi, ya ce tunani ne ya yi masa yawa. Kowane karo da sabon zunubin da zai amsa, kuma duk zunubai ne masu kyan faɗa. Sunansa sai ƙara ƙamshi yake yi a coci, ana cewa ga mutum mai tawali'u. Ita kuwa Mama Rediyo ta lura abin da suke bugewa yana ƙara girma: ginshiƙi, baro, sannan mai rai.

Ranar Laraba da yamma ake nazarin Littafi Mai Tsarki a cocinsu, a ɗakin gefe mai dogayen bencina da fanka ɗaya mai ƙara. Fastonsu matashi ne mai tabarau, ya iya koyarwa, ba a raba shi da alli. Wata Laraba ya rubuta a allo, "Na yi zunubi," ya juyo ya ce mutane da yawa a cikin Littafi sun furta wannan magana, amma ba duka aka karɓa ba. Ya kawo sarkin da ya hana bayin Allah tafiya, wanda ya amsa laifinsa lokacin da ƙanƙara take kashe masa gonaki da dabbobi, sama na washewa kuma ya koma yadda yake. Ya kawo wani sarkin da annabi ya kama da dabbobin da aka ce kada ya bari da rai. Shi ma ya amsa, ya ma amsa har sau biyu, amma a numfashi guda ya roƙi annabin ya raka shi, ya girmama shi a gaban dattawa da jama'a. Sannan ya kawo sarki na uku, wanda ya ci amanar sojansa, laifin da ya fi na biyun muni. Nasa furcin gajere ne, bai kawo dalili ba, bai roƙi a rufa masa asiri ba, kuma shi aka gafarta wa.

Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "To Fasto, tunda maganar iri ɗaya ce, mu yaya za mu gane ta gaske?"

Fasto ya ce a ranar kukan ba a ganewa, domin hawayen nadama da hawayen tsoro kamanninsu ɗaya. Na farko azaba yake so a ɗauke masa, na biyu mutuncinsa yake so a bar masa, babu wanda yake so a raba shi da abin da ya aikata. Sai an kwana an tashi ake ganin wanda ya juya da wanda ya ci gaba da tafiyarsa.

Wa zai tashi ya ƙara bayani in ba Baba Afuwa ba? Ya miƙe, ya karkata kai wajen allo, ya ce, "Fasto, ni wannan sarki na biyu shi ya fi ba ni tsoro. Ai ba Allah yake jin kunya ba, dattawa yake jin kunya. Ya mayar da tuba sabulu, ya wanke fuska ya bar jiki." Ɗaki ya ɗauki "Amin" da "Gaskiya ne, Baba." Fasto ya ce shi kansa bai iya faɗa haka ba. Mama Rediyo tana zaune a bencin mata, tana kallon mijinta. Ba wai bai gane ba ne, ashe. Ya gane sarai, ya fi kowa a ɗakin ganewa.

A hanyar gida, tana riƙe da gwiwar hannunsa kamar mai soyayya alhali jagora take yi masa, ta ce, "Maigida, mu fa?"

Ya tsaya cak a bakin kwalbati, hawaye suka zubo. "Ni ne wannan sarkin, Uwargida. Ni ne. Kin ga zangon karatun nan ya kusa ƙarewa. Ki bari a yi hutu in sauka da mutuncina, in ce tsufa ne. Ki rufa min asiri zuwa lokacin."

Ta ja gwiwar hannunsa suka ci gaba da tafiya, wannan kuma amsa ce.

A makon da ya biyo baya aka sanar cewa ranar Litinin mai zuwa za a kai 'yan ƙananan azuzuwa kallon namun daji a babban birnin da ke gaba da su. Hanyar babban titi ce, inda tireloli suke gudu ba sa duban kowa. Yara suka dinga tsalle a cikin bas suna kwaikwayon kukan zaki. A makon nan kuma mura ta kama Mama Rediyo. Ta fara da ƙaiƙayin maƙogwaro, muryar ta dishe, tana magana kamar ana jan buhu a ƙasa. Ta sha ruwan ɗumi, ta sha zuma, ta ɗaure wuya da mayafi, amma kullum sai ta yi surutun hanya safe da rana. Ranar Juma'a da rana muryar ta ɗauke gaba ɗaya.

Suna sauke yara gida-gida, suka tsaya a ƙofar wani kafinta. 'Yarsa ƙarama, mai wushirya, ta sauka, gorar ruwanta ta suɓuce ta gangara gaban bas. Yarinya ta bi abarta, ta tsugunna daidai ƙarƙashin gilashi. Baba Afuwa ya ji an rufe ƙofa, ya dubi gabansa, ya sa giya. Mama Rediyo ta buɗe baki iya ƙarfinta, iska kawai ta fito. Bas ya motsa. Ta faɗa kansa da jikinta duka ta finciki birkin hannu, motar ta yi tsalle ta mutu, a daidai lokacin aka ji wani abu ya fashe a ƙarƙashin taya, fus! Uwar yarinyar da ke tsaye a bakin ƙofa ta yanke jiki ta faɗi. Gorar ce. Yarinyar tana zaune a ƙasa, ruwa ya jiƙa mata safa, tayar tana taɓa bakin takalminta, tana kuka wai an fasa mata gora.

Ranar nan Baba Afuwa bai ci abinci ba, washegari ma haka. Ya kwanta a ƙasa a tsakar ɗaki, ya ce ya gama, ranar Lahadi zai tashi a gaban ikilisiya ya faɗi komai, in za a jefe shi a jefe shi. Ta yarda da shi. Kada a ce mata wawuya. Duk tsawon zamansu ba ta taɓa ganin ya ƙi abinci ba.

Lahadi coci ya cika, labari ya riga ya zaga. Da aka zo lokacin shaida ya fito gaba yana laluben bencina, mutane suka ɗauka nauyin zuciya ne. Ya ƙi karɓar makirufo a tsaye, sai da ya durƙusa. "Na yi zunubi," ya ce. Ya ce shekarun da ya yi a kan sitiyari sun sa masa girman kai, ya dogara da hannunsa ya manta da Wanda ya ba shi hannun. Ya ce ranar Juma'a ko addu'a bai yi ba ya tada mota. Ya ce akwai abin da ya daɗe yana ɓoyewa a ransa, Allah ya sani, matarsa ta sani, kuma saura ƙiris jinin yarinya ya hau kansa. Mama Rediyo ta ce a ranta yanzu zai faɗa. Sai ya kifa goshi a ƙasa ya rushe da kuka, ya ce bai cancanci a kira shi Baba ba.

Tabɗi! Mata suka ɗauki kuka, mawaƙa suka tada waƙa. Kafintan nan, ƙaton mutum, ya taso daga baya ya ɗaga shi ya rungume, ya ce ya yafe duniya da lahira, gobe ma shi da kansa zai sa 'yarsa a motar. Babban dattijon coci ya share ido ya sanar cewa ranar rufe makaranta za a karrama Baba Afuwa a gaban iyaye. Aka tafa. Maganar ido ko sau ɗaya ba ta fito ba, ba kuma wanda ya tambayi mene ne abin da aka ɓoye, domin wa zai tsaya tonon silili a kan mutumin da goshinsa ke ƙasa?

Da aka tashi ta kutsa cikin jama'a ta kama hannun rigar Fasto. Ta nuna mijinta, ta nuna idonta, ta matso da abin da ya rage mata na murya ta ce, "Fasto, bai faɗa ba. Ba ya..."

"Mama, Mama," ya katse ta yana murmushi, idonsa shi ma jajir. "Na san kin sha wahala. Amma abin da Ubangiji ya binne, mu ba ma tonowa. Ki yafe masa yadda aka yafe miki." Wani ya ja shi gaisuwa, ya tafi. Mutumin da ya rubuta darasin a allo kenan. Ta nufi Shugaba, ita kuma ta dafa ta ta ce, "Wayyo Mama Rediyo, an ɗauke wuta! Ki je ki huta da muryar nan, gobe da wuri za mu tashi."

A gida ta tarar ya ci abinci har ya nemi ƙari. Fuskarsa ta washe kamar wanda ya sauke kaya.

"Kin dai ji na faɗa," ya ce.

Ta girgiza kai.

"Allah ya san abin da nake nufi, Uwargida. Kin kuma ji abin da dattijo ya ce. Yanzu in na fito da maganar ido, kukan da suka yi fa? Sai su ce na yi wasa da su. Kada ki tozarta ni ana saura ƙiris."

Ta nuna maƙogwaronta, ta buɗe hannu, wato gobe wa zai faɗa maka hanya?

"Na yi tunanin wannan," ya ce, ya gyara zama. "Ki matso kusa ki ɗora hannu a gwiwata. In dama ne ki tura, in hagu ne ki jawo, in birki ne ki matse."

Ta dube shi ta daɗe. Wato yana kwance a ƙasa yana ƙin abinci, wannan dabarar yake ƙullawa. Tsoronsa ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji ba a zamansu. Ta kuma ji tsoron kanta, domin ta san hannun nata zai iya koyon aikin.

Litinin da safe harabar makaranta ta cika da iyaye. Yara sun sha wanka, kowa da 'yar jakar abincinsa, aka jera su aka shigar da su bas, 'yar kafinta a kujerar taga. Malamar aji ɗaya ta shiga ta tsaya a tsakiya tana hana su leƙe. Baba Afuwa ya hau, ya yi addu'a da ƙarfi yadda na waje za su ji, aka ce amin, ya tada inji.

Mama Rediyo ba ta hau ba. Ta zagaya ta tsaya a gaban bas, tsakaninsa da ƙofar fita, daidai saitin direba, kusa yadda da zai miƙo hannu ta gilashi da ya taɓa ta. Ta zuba masa ido ta yi tsaye.

Ya taɓa kujerar gefensa ya ji wayam. Ya juya ya ce, "Malama, ina Uwargida ta shiga? Ko ta tsaya surutu ne?"

Yara suka kwashe da dariya. Malama ma ta dara ta ce, "Kai Baba, ba ka rabo da wasa. Ga ta nan a gabanka."

"Na gan ta, na gan ta," ya ce yana dariya, ya ɗaga hannu yana yafito ta. Amma wajen ginshiƙin ƙofa yake yafitowa, can gefe, inda babu kowa.

Dariyar Malama ta tsaya. Ta matso ta dubi fuskarsa, ta dubi matar da ke tsaye a gaban gilashi, ta sake dubansa. Iyayen da ke kusa suka daina hira. Shugaba ta sauko daga baranda a hankali. Shi kuwa ya ji shirun, ya san irinsa. Ya karkata kai har sai da gefen idonsa ya kamo ta, ya leƙo ta taga ya yi ƙasa da murya.

"Afuwa, Uwargida. Na yi zunubi. Shigo mu yi maganar a gida."

Ba ta motsa ba. Ta ɗora tafukanta biyu a kan ƙarfen gaban motar.

Sai ya fara. Wallahi bai taɓa yin mai kyan wannan ba. Ya ce shi abin tausayi ne, ya cuci matarsa, ya cuci yara, ya cuci ikilisiya, ƙasa ma ba ta cancanci ta ɗauke shi ba. Hawaye suna bin gemunsa suna ɗiga a kan sitiyari. Yana cikin yi Malama ta buɗe ƙofar gefe tana miƙo yara ɗaya bayan ɗaya, iyaye suna karɓa. Kafinta ya ɗauki 'yarsa ya ƙanƙame ta a ƙirji, yana kallon mutumin da ya runguma jiya. Wannan karon babu wanda ya ce haba Baba, tashi.

Shugaba ta zo jikin tagar direba. Ta miƙa hannu ciki, tafin a buɗe, wajen makulli.

Baba Afuwa ya kama hannun da hannayensa biyu, ya jijjiga, ya kai shi goshinsa. "Na gode, Shugaba. Na gode da kika yafe min. Allah ya saka miki da alheri."

Waɗanda ke wurin suka ce wayyo, ko hannun ma bai gani da kyau ba. Matarsa kaɗai ta san ta gefe hannun ya zo masa, ya gan shi sarai, ya kuma san abin da ya zo karɓa. Ba ta ɗaga tafukanta daga kan ƙarfen ba, ga shi ya fara zafi, injin kuma yana ta kaɗawa a ƙarƙashinsu.